Shekara Tara Babu Mai Ba Sale Labarin Fim

Da daminar bana shekara tara ke nan da muka kai Bukar Mai Kifi makwancinsa. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba, kuma ba laifinsu ba ne. Bai riƙe sarauta ba, bai tsaya takarar ko kansila ba, babu wani titi ko rijiya da aka sa wa sunansa. Dillalin bandar kifi ne a kasuwar Haɗeja, Babarbare wanda kakanninsa suka taso daga wajen Tafkin Chadi suka zauna a nan, kuma abokina ne tun muna satar zuwa kogi wanka ana biyo mu da bulala. Kowace shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in ajiye. Bana na gaji da ajiyewar, domin akwai wani abokinmu da muka kusa rasawa alhali yana da ransa, kuma sai a makon jiya na gane dalili.

Mu huɗu ne asalin majalisar. Ni, da na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, Bukar, Alhaji Hudu mai sayen shinkafa a hannun manoman fadama, sai Sale tela, wanda a ƙofar shagonsa bencin da tabarmar suke. Daga sallar La'asar zuwa kiran Magariba nan za ka same mu. Sauran majalisun gari siyasa suke yi da kukan tsadar taki, mu kuwa fim ne abin hirarmu, kuma ba ma jin kunya. Mun sha gori a kan haka. An ce mana dattawan banza, an ce furfurarmu ba ta amfane mu da komai ba. Amma mu tun zamanin silima muka fara, lokacin da muke kallon fim ɗin Indiya ba ma jin ko kalma ɗaya, mu fito kowa da tasa fassarar, a yi ta gardama har gida. Muka bi ta zamanin kaset, muka shiga na faifai, hali bai canza ba.

Doka ɗaya muke da ita. Idan sabon fim ya shigo, faifan zai zaga gidajenmu ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda zai ce uffan a kansa sai kowa ya gani. Ran da ya gama zagayawa, ran nan ake zaman hukunci. Bukar da ma'aunin sana'arsa yake auna fim. Ko dai ya ce ya sha banda, wato an yi aiki kuma zai daɗe ana kallo. Ko ya ce ɗanye ne, a ci yau, gobe ya yi wari. Ko kuma ya toshe hanci kawai ya kawar da kai. Ni ban cika yarda da hukuncinsa ba, don yana da saurin yabo in dai akwai dambe a ciki. Sale kuwa ko da gangan sai ya saɓa masa.

Sannan idon Sale ya fara tafiya. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, ya ce shagon ne ba haske. Daga baya ya fara ɗinka aljihu a karkace. Likitoci suka ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Cikin 'yan shekaru mutumin da ake kawo wa aikin babbar riga daga Kafin Hausa da Birniwa ya koma ba ya bambance dare da rana. Ya sayar da keken ɗinkin, wani tela ya karɓi shagon, amma aka bar mana bencinmu. Muka ci gaba da zama, sai dai bakinmu ya mutu. Wa zai yi hirar kallo a gaban wanda ba ya gani? Muka koma zancen taki da farashin gero kamar kowa, muna yi muna hamma.

Bukar ne ya fasa shirun. Wata rana ya iso daga kasuwa da warin hayaƙi a jikinsa, ya ture ni ya zauna kusa da Sale, ya ce, "Kai bawana, da idonka biyu ma ba ka taɓa gane fim ba, to asarar me ka yi? Matso in ba ka labari, ka faɗi shirmenka yadda ka saba."

Ni da Alhaji Hudu muka sunkuyar da kai muna jiran abin da zai biyo baya. Sai Sale ya tambaya wa ya ba Babarbare izinin zama a benci ɗaya da ubangidansa. Shi ke nan, hira ta dawo. Sale Bafulatani ne, ko da yake gidansu sun rabu da shanu tun kafin a haifi ubansa, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari: kowanne na cewa ɗayan bawansa ne, kuma duk abin da suka faɗa wa juna ba a kai shi gaban alƙali, ba a riƙe shi a zuci. Abin da ni ba zan iya furtawa ba ko da wuƙa a wuyana, Bukar ya faɗe shi yana sakace.

Daga ranar aka yi wa dokarmu gyara: ba a zaman hukunci sai Bukar ya ba Sale labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe. Sau biyu yake kallon kowane fim, na farko don kansa, na biyu don Sale. Kuma ba irin ba da labarin da muka sani ba ne. Zai gaya masa wa ke tsaye a bakin ƙofa, wa ya sunkuyar da kai lokacin da ake magana, wace irin riga attajirin ya sa, da ko ɗinkin na kirki ne, don ya san tela sai ya tambaya. Yakan sauya murya, ya yi ta tsohuwa, ya yi ta ɗan sanda. Idan aka zo wajen barkwanci, inda abin dariyar a fuska yake ba a magana ba, sai ya kamo hannun Sale ya ɗora a kan fuskarsa, ya murguɗe baki ya zare ido yadda ɗan wasan ya yi, ya ce shafa ka ji. Sale ya shafa, ya fashe da dariya, sannan ya goge hannu a riga ya ce yau kuma sai ya sa toka kafin warin tarwaɗa ya fita.

Da an gama labari sai a shiga musu, kuma a nan Sale ya fi mu duka. Mu kyawun fuska da rawa da manyan motoci kan ɗauke mana hankali, shi kuwa tsagwaron labarin yake ji. Shi zai tambaya, mutumin da aka ce ba shi da na cefane a farkon fim, yaya aka yi ya isa Legas a jirgin sama? Yarinyar da aka ce a ƙauye ta tashi, me ya sa take magana kamar mai karanta labarai a rediyo? Bukar ya ce Bafulatani ba ya gane fim sai an nuna saniya a ciki. Sale ya ce Babarbare ba ya yabon fim sai an zare wuƙa. Su yi ta ta da jijiyar wuya har masu wucewa su tsaya.

Akwai wani barkwanci da ba na mantawa, na wani baƙauye da ya sayo firji ya kai garin da ba lantarki, ya riƙa ajiye hulunansa a ciki yana kiran jama'a su zo su gani. Alhaji Hudu ya ce cin zarafin mutanen karkara ne, shi da su yake mu'amala kuma sun fi 'yan birni wayo. Ni na ce akwai darasi a ciki, aka yi min dariya, don ni a kowane fim sai na ga darasi. Bukar ya ce ya sha banda. Sale ya ce abin dariyar a farkon fim ya ƙare, sauran duk ja ne aka yi ta yi kamar roba, kuma duk wanda ya yi dariya har ƙarshe to shi ne baƙauyen. Bukar ya ji haushi na gaske, ya rantse ba zai ƙara ɓata bakinsa a kan makaho mai taurin kai ba. Da aka kira salla shi ya riƙo hannunsa, suka tafi masallaci ba mai ce wa wani ƙala. Washegari shi ya fara isa gidansa ya taho da shi.

Shekarar da ruwa ya yi mana ambaliya ya cinye gonakin shinkafa, Bukar ya tafi wajen Kirikasamma sayen kifi, ya sha ruwa da sauro, ya dawo da zazzaɓi. Muka ɗauka na kwana biyu ne. Bai tashi ba. A zaman makoki mutane suka yi ta faɗin alherinsa, waɗanda ya sasanta da waɗanda ya ciyar. Sale bai ce komai ba sai da aka watse, sannan ya ce mana bawan nan nasa ya gudu ya bar shi a tsakiyar wani fim bai gaya masa ƙarshensa ba. Ya yi ƙoƙarin yin dariya, ta ƙi fitowa.

Nakan tambayi kaina abin da Bukar zai ce da ya ga inda kallo ya koma yau. Faifai ya mutu, shagunan haya sun koma na cajin waya. Yanzu a waya ake tura maka fim, kuma ba ya ƙarewa. Mai dogon zango suke ce masa. Ka fara kallo jikarka tana goye, ta shiga makaranta ba a gama ba. Sai a kwashe makonni mutum yana tsaye a bakin ƙofa zai faɗi wani sirri bai faɗa ba. Ina jin da ya ce an cika ƙasan kwali da ciyawa an jera kifi a sama. Amma ba zan rantse ba, don mutum ne mai son abin zamani, wataƙila da shi zai fi kowa bi.

Abin da na tabbata zai ba shi haushi shi ne barkwancin yanzu, 'yan guntayen nan da kafin ka gyara zama sun ƙare. Wani ya zame ya faɗa kwata, wani ƙato ya ɗaura zane yana yauƙi, wani ya tsorata tsoho a kasuwa ana ɗauka. Ka yi dariya, ka shafa da yatsa, wani ya zo, kafin ka tashi ka manta da na farkon. Bukar yakan ce barkwancin kirki shi ne wanda za ka ɗauko daga gida ka kawo benci bai zube a hanya ba. Waɗannan ba sa ɗaukuwa. Ba wanda ke jiran wani ya gani, kuma ba abin da za a yi musu a kai, domin ba abin da aka ce. Na san maganar tsofaffi nake yi, kuma ni ma nakan kalla in yi dariyar, sannan in tashi ba abin da ya kai min ciki.

Bayan rasuwarsa ni da Alhaji Hudu muka raba aikin ba Sale labari, kuma Allah Ya sani mun yi iya yinmu. Sai dai Alhaji Hudu yadda yake ciniki haka yake ba da labari: wani ya so wata, aka hana shi, daga baya aka ba shi, fim ya ƙare. Ni kuma sai in bi abin dalla-dalla kamar ina rubuta wa ofis rahoton gonar gwaji, har in ga Sale ya fara gyangyaɗi. Ba wanda ya iya kamo hannunsa ya ɗora a fuska. Ni dai nauyin abin nake ji. Abin da muka kasa yi da baki sai muka rama da ladabi. Muka ba shi wajen da ya fi inuwa. Shayi in ya zo shi ake fara miƙa wa. Mutumin da muka yi shekara da shekaru muna kiran sunansa gatsal ya zama Malam Sale. Idan ya faɗi ra'ayinsa a kan fim sai mu ce haka ne, gaskiyarka, Malam. An tashe mu a kan cewa wanda Allah Ya jarraba ba a ja-in-ja da shi, kuma mu ba abokan wasansa ba ne balle mu ce al'ada ta ba mu dama.

A hankali majalisar ta karɓi sababbin mutane, maƙwabtan shago da wasu 'yan ritaya irina, kowa da wayarsa a hannu. Sai ya zama ana zaune tare amma kowa da abin da yake kallo. Wata rana Alhaji Hudu ya ga wani guntun barkwanci ya yi dariya har hularsa ta faɗi, wayar ta zaga hannu-hannu, kowa na ƙyalƙyala dariya. Sale ya tambaya me aka yi. Alhaji Hudu, yana share hawaye, ya ce, "Ai Malam, wannan ba ya faɗuwa, sai an gani." Bai gama rufe baki ba ya gane abin da ya faɗa. Wurin ya yi tsit. Sale ya ce ba komai, da aka kira salla ya nemi a miƙo masa sandarsa.

Ba a daɗe ba ya fara fashin zuwa, yau gwiwa, gobe mura, har ya daina gaba ɗaya. Mu duka muka ɗora wa Alhaji Hudu laifi, ya sha faɗa a wurin kowa. Ya je har gida ya ba da haƙuri, ya aika da buhun shinkafa, Sale ya ce shi bai riƙe shi da komai ba. Muka kafa dokar cewa ba mai fito da waya a benci, muka aika aka gaya masa. Bai zo ba. Damina biyu ke nan. Kwanaki na je gaishe shi na tarar yana masallaci, sai matarsa Asabe ta yi min magana daga bakin zaure. Ta ce in ban da salla ba ya zuwa ko'ina, abinci sai ta yi da gaske yake ci, kuma sai a yini bai ce uffan ba. Ta ce, "Malam Habu, abokinku yana ƙarewa a zaune, ku kuna kallo." Na ce mata mun yi duk abin da za mu iya, kuma har zuciyata na ɗauka gaskiya na faɗa.

Duk shekara idan lokacin rasuwar Bukar ya zagayo mukan taru a ƙofar gidansa bayan La'asar, mu yi masa addu'a, mu gaisa da iyalinsa. Sale bai taɓa fashi ba, har bara da ya riga ya ƙaurace wa benci sai da ya zo. Bana bai zo ba. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, ba tausayi ba, haushi. Washegari na tafi gidansa in ji ko mun kashe masa wani ne.

Na same shi a zaure a kan buzu, ya kara wayar Asabe a kunne. Muryoyin da ke fita na gane su. Wani fim ne mai dogon zango da ake yayi yanzu, wanda ni ma nake bi tare da mai ɗakina, labarin wani tsoho da ɗansa ya sayar da gonar fadamar gidansu a ɓoye ya gudu birni. Ashe bai bar fim ba. Duk abin da ya fito yana bi da kunne, Asabe na cike masa abin da kunne bai kama ba. Muka gaisa, na zauna, na fara da maganar Alhaji Hudu, cewa mutum ya yi kuskure ya ba da haƙuri, fushin ai ya isa haka.

Ya kashe wayar ya ce, "Habu, ka tuna fim ɗin wanzamin nan da aka zaɓa kansila?"

Na ce na tuna. Wani barkwanci ne da aka yi yayinsa 'yan watanni kafin ya daina zuwa.

Ya ce, "Na ce muku tun da aka haife ni ban ji fim mai kyau irinsa ba. Kai da Hudu kuka ce haka ne, Malam. Da mako ya zagayo na ce ban taɓa jin shirme irinsa ba, wanda ya yi shi ɗauri ya kamace shi. Kuka ce haka ne, Malam. Da gangan na yi. Ranar na san ni ma an binne ni tare da Bukar, salla ce kawai ba ku yi min ba."

Ya ci gaba, ba da faɗa ba, a hankali. Ya ce maganar Hudu ba ta yi masa zafi ba ko kaɗan. Gaskiya ce, akwai abin da sai an gani, kuma ita ce magana ta farko cikin shekaru da wani a bencin nan ya faɗa masa ba tare da ya tace ta ba. Abin da ya kore shi shi ne shirun da ya biyo baya, da haƙurin da aka zo ana ba shi, da buhun shinkafar. Ya ce ya gaji da zama a inda duk abin da ya faɗa daidai ne. Addu'ar Bukar kuwa a nan zauren ya yi tasa, don bana ya ji ba zai iya zuwa a riƙa lallaɓa shi a ƙofar gidan mutumin da bai taɓa lallaɓa shi ba.

Na kare mu da ɗan abin da nake da shi. Na ce Bukar abokin wasansa ne, al'ada ta ba shi dama. Ni Bahaushe ne, in na ce masa bai san abin da yake faɗa ba, gobe gari ya ɗauka Habu ya ci mutuncin makaho. Ya ce, "Ido na rasa, Habu. Kai da wa kuka yanke cewa har da hankalin?"

Ana jin Asabe tana dakan yaji a cikin gida. Can sai ya ɗaga wayar ya ce tsohon nan na cikin fim, da ya ƙi yafe wa ɗansa ko da ya dawo yana kuka, shi kaɗai ne mai hankali a labarin, kuma in masu fim ɗin suka sa ya yafe a ƙarshe to sun ɓata aikinsu. Wallahi "haka ne" ta riga ta hau kan harshena, don ta saba fita ba tare da na yi tunani ba. Na haɗiye ta da ƙyar. Na ce, cikin wata 'yar murya da ni kaina ban san ina da ita ba, anya kuwa, Malam Sale, a ganina akwai ɗan gyara.

Ya ce in wannan ne musun nawa in tashi in tafi gida, muryata rawa take yi kamar na zo neman aure. Ya ƙara da cewa dama me malamin gona ya sani a kan gona, mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna yawo a babur suna koya wa manomi abin da kakansa ya sani.

Nan fa ya taɓo ni. Na manta da makanta, na manta da Malam. Na ce tela da bai taɓa riƙe fartanya ba shi zai gaya min zafin gona? Na ga gidaje a fadamar nan da suka watse saboda irin taurin kan tsohon nan, uba ya mutu da fushi, 'ya'ya su gaji gaba maimakon gona. Gonar ta riga ta tafi, in ya ƙi yafewa ɗan ma ya tafi, ya tashi ba ko ɗaya. Sale ya ce ƙarya nake yi, yafiyar da ba a sha wuya a kanta ba ita ke sa gobe ƙanin ma ya sayar da gidan. Na ce bai fahimci fim ɗin ba sam, akwai wurin da tsohon ya juya baya yana share hawaye, wanda shi bai gani ba. Ina faɗa na gane irin maganar Alhaji Hudu na maimaita. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce hawayen da ba a ji a murya ba na albasa ne, ya saurari wurin da kyau, muryar tsohon ko rawa ba ta yi ba. Muka yi ta yi. Dakan cikin gida ya tsaya. Daga baya Asabe ta ce ta ɗauka faɗan gaske muke yi, har ta ɗauko mayafi za ta kira maƙwabta, sai ta ji yana dariya. Ba mu ankara ba aka kira Magariba. Na riƙo hannunsa muka nufi masallaci, muna tafe yana ce min ban san komai ba.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce komai ya gyaru ba. Sale bai dawo benci ba tukuna, kuma bencin ma ba na da ba ne. Telan da ke shagon ya fara ƙorafin muna tare masa ƙofa, dokar hana waya kuwa tuni ta mutu ba wanda ya yi mata ta'aziyya. Ni kaina na gaji. Musun yamma ɗaya ya bar ni da ciwon kai, kuma ba ni da ƙarfin kallon fim sau biyu don wani. Fina-finan da muka yi ta kai ruwa rana a kansu yawancinsu ko sunansu ba na tunawa, faya-fayan sun karce an zubar. Rumfar Bukar a kasuwa wani ne a ciki, wanda bai ma san shi ba.

Da an tambaye ni bara abin da Bukar ya bari, da na ce iya ba da labari, in ƙara da cewa ya tafi da abinsa. Yanzu na ga ba nan take ba. Labari Asabe ma tana bayarwa, waya ma tana yi. Abin da ya yi wa Sale shi ne bai taɓa rage masa komai don ya makance ba. Bai rage masa zagi ba, bai rage masa musu ba, bai taɓa barin sa ya ci gardamar da bai cancanci ci ba. Mu muka ɗauka wasan Barebari da Fulani ne kawai, abin da ba mu da hannu a ciki, muka naɗe shi muka binne tare da mai shi. Al'adar dama kawai ta ba shi. Abin da ya yi da damar ƙauna ce da ganin girman mutum, kuma wannan ba sai Babarbare ba. Na yi kewarsa a makon nan fiye da ranar da muka dawo daga maƙabarta. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ya huta.

Da muka fito daga masallaci ran nan, Sale ya tsaya yana laluben takalminsa da ƙafa, ya ce, "Bukar ya fi ka iya cin mutunci nesa ba kusa ba, kai ko zagi ba ka iya ba. Amma gobe ka zo min da Hudu, shi ma ina da magana da shi."

Na ce masa ba zan zo ba, ina da abin yi da ya fi zama da mutum mai taurin kai irinsa. Washegari bayan La'asar muka je, Alhaji Hudu na biye da ni yana ta tambayata ko da gaske ne an yarda ya ce wa Sale ƙarya yake yi.